Idan Dattijo Ya Ƙi Bin Tsarin Aiki

A gandun noman rani na Jiratawa, cikin gundumar Madarumfa, da lantarki ake jawo ruwan rijiyoyi, kowa da ranar ban-ruwansa. Idan dattijo mai kula da famfo ya ƙi rubuta awoyin aiki, shukar wani za ta bushe, kuɗin wuta kuma ya hau kan kowa.

Kada shugaba ya tsawata masa gaban jama'a. Ya same shi gida bayan la'asar, tare da wani sa'ansa. Mun lura sau da yawa ba taurin kai ba ne, rubutun ne bai iya ba, yana kunyar yara. A haɗa shi da ɗalibin yaƙi da jahilci, yana faɗi ana rubutawa. In ya ƙi duk da haka, taron manoma ya karɓi makulli.