Ko Ka Sani? Kujerar Mota Ma Na'ura Ce

Duk wanda ya taɓa haska ƙarƙashin kujerar mota yana neman makulli ko canjin da ya suɓuce masa, wataƙila ya hangi wasu ƙananan zobban ƙarfe jere a bakin yadi, kowanne ya cije waya. Su ne ke riƙe da rigar kujerar, kuma a kujera guda akan sami gommai daga cikinsu. Turawa na kiransu zoben alade, domin tun asali manoma ne ke maƙala irinsu a hancin aladu don hana su tonon ƙasa. Masu aikin kushin suka lura cewa zoben da filaya ke rufewa da damƙa ɗaya ya fi ɗinki sauri, suka karɓe shi. Mai son sake wa motarsa riga da hannunsa, da waɗannan zobba zai fara gaisawa.

Kujerar hawa huɗu ce. Daga ƙasa akwai firam na ƙarfe, sai sifirin masu lanƙwasa kamar sawun maciji a rairayi, sai soso, sannan riga ta yadi ko leda ko fata. Soson shi ne ɗan auta a cikinsu. A 1937 wani masanin sinadarai Bajamushe, Otto Bayer, ya haɗa sinadarin da ake yin sa da shi a garin Leverkusen, kuma sai a shekarun 1950 soso mai laushi ya shiga kasuwa sosai. Kafin nan da auduga da gashin doki da zaren ɓawon kwakwa ake cika kujera. Kamfanin Marsandi bai yi saurin rabuwa da tsohuwar hanya ba: samfurin W123, wanda aka fara ƙerawa a 1976, shimfiɗar kujerarsa ta irin wannan zare ce da aka daskarar da roba. Shi ya sa mai tsohuwar Marsandi kan share wani gari mai ruwan ƙasa kamar dusa daga ƙarƙashin kujera, yana mamakin inda yake fitowa.

Babban abokin gabar wannan kaya shi ne rana. Motar da aka rufe aka bari a fili, dashbod ɗinta na iya kusantar maki 70 na zafi. Motocin Beljiyam da ke shigowa ta Kwatano da Legas yawancinsu a ƙasashen sanyi suka yi ƙuruciya, sai ga su a rana tsaka a Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu. Leda ta bushe ta tsage, zare ya ruɓe, yadin rufi ya saki ya sauko yana shafar hular direba.

Wannan rufin ne ya fi dacewa sabon shiga ya fara da shi, don babu ɗinki a ciki. Mutane da yawa na zaton gam ne ya saki, sai su cusa wani gam ko su danna 'yan allurai. Ba gam ba ne. Tsakanin yadin da allon rufin akwai siririn soso, shi ne zafi ya mayar gari, kuma babu abin da zai manne a kan gari. Sai an cire madannan hannu da makaran rana da fitilar ciki, a zaro allon ta ƙofar da ta fi faɗi, a kankare matataccen soson da buroshi har allon ya fito tas. Sabon yadi mai soso a bayansa ake shimfiɗawa, a naɗe rabinsa, a fesa gam mai jure zafi a kan allo da bayan yadi, a jira ya fara danƙo, sannan a kwantar da shi daga tsakiya zuwa gefe. Da tafin hannu ake lallaɓawa. Kan yatsa ɗaya idan ya danna jiƙaƙƙen soso, ramin da ya bari ya zauna ke nan, kuma kullum ido a kansa zai faɗa.

Kujera ta fi neman haƙuri. Malamin sabon shiga a nan shi ne tsohuwar rigar kanta, don haka kuskure ne babba a yage ta da reza cikin ɗoki. Ana datse zobban ɗaya bayan ɗaya, ana ɗaukar hoto da waya a kowane mataki. Idan rigar ta fito, a sa wa kowane ƙyalle lamba da alli, a ja ɗan layi a duk inda ƙyalle biyu suka haɗu, sannan a warware ɗinkin. Waɗannan ƙyallaye su ne ma'aunin sabon yanka. Akwai abin da tela ya sani wanda makanike bai cika sani ba: leda ta fi miƙewa ta gefe ɗaya, yadi mai gashi kuma launinsa na sauyawa da inda gashin ya kwanta. Wanda ya juya ƙyalle ɗaya don tsimin yadi, zai ga kujerarsa ta fito launi biyu.

Kwarin nan da ke ratsa fuskar kujera, mai ba ta ƙira, ba ado ba ne kawai. A cikin soson an binne waya, a bayan rigar kuma an ɗinka siririn aljihu mai wata wayar, zobba suka haɗa su. In aka tsallake su, rigar za ta zauna a kai kamar buhu. Sababbin motoci da dama sun maye gurbinsu da maƙalan roba.

Gefen kujerar direba na wajen ƙofa ne ke fara mutuwa, saboda shiga da fita. Akan yanke ruɓaɓɓen wurin, a manna soso mai tauri, a sassaƙe shi da wuƙa mai haƙora. Soson katifa mai taushi ba ya daɗewa a nan. Masu sana'ar na da wasu dabaru biyu marasa tsada: a shanya sabuwar leda a rana ta yi laushi kafin a ja ta, kuma a lulluɓe soson da siririyar ledar shago don rigar ta zame a kai, daga baya a yage ledar a zaro.

Keken ɗinkin gida kan yi gardama idan ya haɗu da leda ninki uku da soso. Na masu kushin ƙafarsa takawa take yi, tana jan sama da ƙasa tare, shi ya sa ƙyalle ba ya zamewa. Ɗinkin kuma dogo ake yi, don huji kusa da kusa yana mayar da leda kamar takardar rasit mai jiran a yage. A fata da leda, hujin allura ba ya rufewa. Ba abin kunya ba ne mutum ya yi cirewa da yanka da mayarwa da kansa, ya kai wa mai kushin ɗinkin kawai.

Akwai kuma kujerar da bai kamata sabon shiga ya taɓa ɗinkinta ba sam. A 1994 kamfanin Volvo ya fara saka jakar iska a cikin gefen kujera, a samfurin 850, yau kuwa abin ya zama ruwan dare. Alamarta harufan SRS a jikin rigar. An yi ɗinkin wannan gefen da zaren da aka auna ƙarfinsa don ya fashe idan jakar ta kumbura, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Wanda ya ninka ɗinkin da zare mai ƙwari da niyyar inganta aiki, ya ɗaure abin da aka ajiye don kare haƙarƙarin direba. Haka ma rigunan kasuwa da ake zura wa kujera a kai, in ba a bar wa jakar mafita ba. Abin damuwa ne ƙwarai yadda ake rufe irin waɗannan kujeru ba tare da an ko duba alamar ba.

Ko ciro kujerar ma yana da ƙa'ida. Ana cire kan batir, a jira 'yan mintoci, domin na'urar jakar iska na riƙe sauran wuta, sannan a taɓa fulogi mai launin rawaya da ke ƙasa. Wajen mayarwa, da notocinta na asali ake ɗaure ta, tun da a motoci da yawa makullin bel a jikin kujerar yake. A haɗa duk wayoyi kafin a mayar da batir. Idan aka murɗa makulli, fitilar jakar iska za ta kama na 'yan daƙiƙoƙi ta mutu. In ta ƙi mutuwa, sai a kai motar wurin mai na'urar bincike kafin a ɗauki kowa a cikinta.