3.4 Amfani da "were" a Gangar Sharaɗi ta Ingilishi

A Hausa, kalmar da ta buɗe jimla ita ke nuna ko sharaɗi mai yiwuwa ne ko kuwa zato ne kurum. Ana amfani da "in" ko "idan" ga abin da ke iya faruwa, sannan "da … da" ga abin da bai faru ba. Ingilishi kuwa kalma ɗaya yake da ita, watau "if", don haka nauyin bambancewa sai ya koma kan aikatau. Dubi waɗannan misalai:

(1) If Audu is at home, he will open the door.
In Audu yana gida, zai buɗe ƙofa.

(2) If Audu were at home, he would open the door.
Da Audu yana gida, da ya buɗe ƙofa.

A misali na (1) mai magana bai san inda Audu yake ba. A na (2) kuwa ya tabbata ba ya gida. Ke nan "were" a nan ba lokaci shuɗaɗɗe take nunawa ba, ba kuma jam'i ba. Ragowar wata siga ce ta tsohon Ingilishi, wadda Quirk da abokan aikinsa (1985) suka kira "were-subjunctive".

A nan ne Bahaushe mai koyo yakan yi tuntuɓe. Tun a firamare an koya masa cewa "were" ta jam'i ce, saboda haka da ya ga "Audu were" sai ya ɗauka kuskure ne. In ya mayar da ita "was", da sauƙi, domin Turawa kansu suna faɗin haka a hira, ko da yake ba ta shiga a "Were Audu at home". Amma in ya sa "is", ma'ana ta juya gaba ɗaya. Mai fassara a kotu da ya yi wannan kuskure ya mayar da shaidar tabbas ta koma ta shakka.

Wani abin lura shi ne, littattafan nahawun Hausa da aka rubuta da Ingilishi suna kiran umartau da sunan "subjunctive", kamar a "ya zo" cikin "Ina so ya zo". Sunan ne kawai ya zo ɗaya. Ba da umartau ake fassara misali na (2) ba, sai da "da … da".