Wane Ne Uban Motar Datsun 240Z?

Duk wanda ya taɓa zama akawu a ofishin hakimi, ko a Karaye ko a Rogo, ya san yadda takarda take tafiya. Malami shi zai kwana da fitila yana haɗa lissafi, ya tsara rahoto, ya gyara, ya sake kwafa; in gari ya waye mai girma ya sa hannu, in kuwa yabo ya zo daga Kano, sunan mai sa hannun za a ambata. Tun zamanin En'e haka abin yake, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. To, kada malamanmu su zaci wannan ciwo na ƙasarmu ne kaɗai. Ga labarin wata gardama da aka shekara arba'in ana yi tsakanin Japan da Amurka da Jamus, a kan wanda ya cancanci yabon ƙera wata mota.

Dattawan direbobi na Unguwar Hajji da kewayenta ba sa bukatar a gaya musu mece ce Datsun, gama sun yi zamani da tasi da a-kori-kura masu wannan suna. Amma wadda muke magana ba ta ɗaukar fasinja ba ce, ba ta buhun gyaɗa ba. Motar ƙwalisa ce ta gudu, mai kujera biyu tak, mai dogon hanci da gajeren baya. Kamfanin Nissan ya fito da ita a watan Oktoba 1969. A Japan sunanta Fairlady Z, a waje kuwa Datsun 240Z. Injinta silinda shida ne a jere, mai ƙarfin doki wajen 150, kuma a Amurka dala 3,526 aka sa mata, kuɗin da bai kai na Jaguar ba ko kusa. Kafin a daina wannan samfuri a 1978, tare da ƙannenta 260Z da 280Z, an sayar da fiye da 500,000. Ita ce ta sa Amurkawa suka bar yi wa motar Japan kallon gwangwani mai araha.

Sunan da aka fi ji shi ne na Yutaka Katayama, wanda Amurkawa suke kira Mista K. A 1960 kamfanin ya tura shi Amurka, ya zauna a Kalifoniya yana bin dillalai ɗaya ɗaya, har ya zama shugaban reshen kamfanin na can a 1965. Shi ya dinga matsa wa manyansa na Tokyo cewa Amurkawa suna son motar gudu mai rufi, mai faɗin da dogon mutum zai shiga ya miƙe ƙafa, wadda kuma ma'aikaci zai iya saye da albashinsa. Shi ne kuma ya ƙi sunan Fairlady, wanda shugaban kamfanin, Katsuji Kawamata, ya ɗauko daga wani wasan kwaikwayo da ya gani a Amurka. Ya ce ba namijin da zai sayi motar tsere mai sunan mace. Wannan duk aiki ne babba. Amma Katayama ɗan kasuwa ne, bai zana ko ƙofa ɗaya ba. Ya rasu a 2015 yana da shekara 105, ana ce masa uban motar Z.

Na biyu wani Bajamushe ne ɗan sarauta, Albrecht Goertz, gwanin zane na gaske, wanda ya fitar da siffar BMW 507 da aka nuna a 1955. Kamfanin Nissan ya ɗauke shi mai ba da shawara daga 1963 zuwa 1965. Ya sa hannu cikin aikin wata ƙaramar mota mai suna Silvia, ya kuma koya wa samarin ofishin zane wata dabara mai amfani, wato a gina siffar mota da yumɓu daidai girmanta na ainihi, a zagaya ta, a kankare nan a ƙara can, maimakon a dogara ga takarda da 'yar ƙaramar siffa. Ya kuma taɓa aikin wata motar gudu da Nissan da Yamaha suka fara tare, aka watsar da ita a 1964.

A nan ne maganar ta karkace. Da 240Z ta yi suna, sai jaridun motoci na Turai da Amurka suka shiga rubuta cewa Goertz ne ya zana ta. Wannan ya kwafa daga wancan, littafi ya kwafa daga jarida, har abin ya zauna kamar karatun allo. Shi kuma bai tashi ya ce a'a ba. Da kamfanin ya musa, sai rigima ta kai ga barazanar shari'a, aka kashe wutar a 1980 da wata wasiƙa. Malaman ofis za su ji daɗin wannan wasiƙa, gama irin rubutun nan ne da akan yi don kowa ya tashi da mutuncinsa: ta ce ma'aikatan kamfanin ne suka zana motar, amma sun amfana da kyakkyawan aikin da Goertz ya yi musu a baya. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ya tafi da shi.

Mu dai a ganinmu, abin da ya sa labarin Goertz ya karɓu ba shi da wuyar ganewa. A lokacin, Turawa da yawa ba su yarda Bajapane zai iya fitar da abu mai kyaun gani daga kansa ba. In sun ga kyau sai su nemi hannun Bature a ciki. Mu da muka san yadda akan ce Mungo Park ne ya gano Kogin Kwara, alhali Sarkawa suna ta su a cikinsa tun kaka da kakanni, wannan hali ba baƙonmu ba ne. Sa'an nan al'adar kamfanonin Japan ta taimaka wa kuskuren, don a wancan zamani ba sa fitar da sunan ma'aikaci. Aiki na kamfani ne, shi ke nan. Inda aka bar gurbi ba suna, mai suna shi zai cika shi.

Lissafin shekaru kaɗai ya isa ya raba gardamar. Goertz ya gama da Nissan a 1965, a ƙarshen shekarar nan kuwa aka ɗora wani saurayi, Yoshihiko Matsuo, a kan ɗan ƙaramin sashen zanen motocin gudu, kuma daga teburinsa aka fara aikin da ya zama 240Z. Manyansa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, sai da Katayama ya ga siffar yumɓun ya ce wannan ita yake nema, sa'an nan aikin ya sami gindin zama. Ko Matsuo ma ba shi kaɗai ba ne. Akio Yoshida ya yi aiki mai yawa a kan siffar jikin, Kumeo Tamura kuma shi ya ƙarasa ta. Injiniyoyi irin su Hitoshi Uemura su suka sha wahalar cusa dogon inji cikin wannan siririn jiki ba tare da kuɗin ya haura ba, ma'aikatan Nissan Shatai na garin Hiratsuka kuma suka haɗa ta. In an tilasta mu mu ba mutum ɗaya rawanin, Matsuo za mu naɗa, mu ba Katayama waziri, mu ce Goertz malami ne da ya koyar ya wuce. Malaman makaranta sun san darajar wannan matsayi, sun kuma san ba a rubuta sunan malami a kan takardar shaidar ɗalibi.

Akwai kuma waɗanda suka sayo mata suna da ƙura da taɓo, a nan Afirka. A gasar Safari ta Afirka ta Gabas, inda a wancan zamani akan yi kwanaki ana keta dubban mil na hanyar burji a Kenya da maƙwabtanta, Edgar Herrmann da Hans Schuller suka zo na ɗaya da 240Z a 1971. A 1973 Shekhar Mehta, haifaffen Uganda, ya sake cinyewa da ita tare da Lofty Drews, motar duk ta lotse kafin su iso Nairobi. A Amurka kuma John Morton ya ci gasar ajinta a 1970 da 1971.

Matsuo ya bar kamfanin a 1973, motarsa tana tsakiyar tashe, sunansa kuwa ba kowa ya sani ba a waje da Japan. Sai a 1999, bayan shekara 30 da fitowarta, shi da Katayama suka haɗu suka wallafa littafin tarihinta, masu sha'awar motar a Amurka suka fara gayyatarsa taronsu yana sa musu hannu a jikin motocinsu. Ya rasu a watan Yuli 2020.