Malaman Daji da Sauyin Yanayi: Abin da Ya Shafi Ƙungiyarmu

'Yan uwa mata, a wannan darasi zan yi mana bayani a kan mutanen da ake horarwa don su kula da gandun daji da fadamun da gwamnati ta keɓe. Mun fi sanin su da sunan malaman daji, kuma da yawanmu sanin da muka yi masu bai wuce ƙwace gatari da cin tara ba. Na kawo maganarsu ne saboda kaso mai yawa na kuɗin da muke zubawa duk mako daga daji da ruwa yake fitowa: itacen girki, kabar saƙa tabarma, bandar kifi, kalwa, kuka da zuma. Wadda ta ci bashin asusu ta shiga sana'ar tabarma, in goruba ta ƙare a yankinsu, da me za ta biya? Kun ga ashe irin horon da malamin daji ya samu yana taɓa akwatinmu.

Fadamar Haɗeja da Nguru

Zan ɗauki wuri guda in yi misali da shi. Kogin Haɗeja da kogin Jama'are suna malala a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsakanin jihohin Jigawa da Yobe, su zama babbar fadama, daga nan ruwan ya bi kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. Manoman shinkafa da masunta da makiyaya duk a nan suke ci. Tsuntsayen ruwa ma suna tasowa tun daga Turai su yi hunturu a wurin.

An keɓe wasu sassa na fadamar. Akwai Dagona a jihar Yobe, wadda ke cikin gandun ƙasa na yankin Tafkin Chadi da aka kafa a 1991. Akwai Baturiya a jihar Jigawa. A shekarar 2000 kuma an sa tafkin Nguru da mashigar ruwa ta Marma cikin jerin fadamu masu muhimmanci na duniya, bisa yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971.

Me ya canza?

A da ruwa yana da lokacinsa. Ya cika da damina, ya ja baya da kaka, ya bar danshi a yi noman rani, ya bar ciyawa ga shanu. Abubuwa biyu ne suka rikita wannan tsari, kuma yana da kyau mu bambance su.

Na farko aikin hannun mutum ne. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, duka a jihar Kano. Ambaliyar damina ta ragu, sannan ana sako ruwa har cikin rani, sai wasu hanyoyin ruwa suka daina bushewa. Ciyawar kachalla kuwa abin da take so ke nan, ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta yaɗu, ta toshe hanyoyi, laka ta taru a gindinta. Wani ƙauye ruwa ya cinye masu gonaki, wani kuma ruwan ya daina isa gare su. Tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya a cikinta, suna fita suna cin hatsi.

Na biyu shi ne sauyin yanayi. Iyayenmu suna ba da labarin farin 1973 da na 1984. Mu kuma mun ga ambaliyar 2012 da ta 2022. Zafi ya ƙaru, ruwan da ke kwance yana saurin ƙafewa. Damina takan yi jinkiri, in ta zo kuma ta zubo da yawa cikin 'yan kwanaki. In ciyawa ta ƙare a waje, makiyayi cikin gandu zai kora shanunsa. In gona ba ta yi ba, maigida gawayi zai koma yi. Duk nauyin sai ya faɗa kan ɗan dajin da ya rage.

To, malamin dajin da iyakar iliminsa tsare iyaka da kama mutane, yaya zai yi da wannan? Ai ba a kama kachalla a kai ta kotu.

Ina ake koyon aikin?

Aiki ne da ake zama a aji a koya. A Najeriya akwai kwalejin tarayya ta koyon kula da namun daji a Sabuwar Bussa, jihar Neja, kusa da tafkin Kainji, inda ake ba da ƙaramar difloma da babba. A Garwa ta arewacin Kamaru akwai makarantar namun daji da aka buɗe a 1970, wadda ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, har da Nijar da Chadi. A Tanzaniya akwai kwalejin Mweka a gindin dutsen Kilimanjaro tun 1963. Jami'o'inmu da dama ma suna da sashen nazarin daji da namun daji.

Lokacin da aka buɗe waɗannan makarantu, babbar damuwa ita ce mafarauta. Yanzu aikin ya faɗaɗa. Ga abubuwa huɗu da nake ganin dole wanda ya samu horo mai kyau ya iya.

Na ɗaya, awo da rubutu. Ya san yawan ruwan saman da ya sauka, ranar da kogi ya fara cika, da inda ruwa ya tsaya bana in an kwatanta da bara. A watan Janairu akan ƙirga tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa lokaci guda. In adadinsu ya faɗi a wuri, alama ce ruwan wurin ko abincin cikinsa ya samu matsala, kuma kifi ma zai biyo baya. Yanzu har hoton tauraron ɗan'adam ake dubawa a kwamfuta a ga yadda kachalla ke ci gaba.

Na biyu, gano sanadi. In tafki ya ja baya, rashin ruwan sama ne, ko toshewar hanya, ko yadda ake sakin ruwa daga madatsa? Kowanne maganinsa daban. Toshewa aikin gayya da injin yashe hanya take so. Sakin ruwa kuwa sai an zauna da hukumar da ke riƙe da madatsar.

Na uku, wuta da itace. Ya san lokacin da za a share fili mai faɗi tsakanin daji da gonaki don gobara ta tsaya, ya san itatuwan da ke jure fari kamar aduwa, magarya, bagaruwa da gawo, ya kuma san yadda ake sassabe kututture a bar reshe biyu ko uku su girma. Manoman Maraɗi sun farfaɗo da itatuwa masu yawan gaske a gonakinsu da wannan dabara tun wajen 1983, ba tare da dashe ba.

Na huɗu, zama da mutane. Ya iya sasanta manomi da makiyayi a kan burtali da mashaya, ya iya bayyana doka da harshen da mutane ke ji, ya kuma iya saurare. Wannan ne ya fi wuya, kuma a nan ne muke shigowa.

Abin da muka sani wanda ba ya cikin littafinsa

Malamin daji ana yi masa canjin wurin aiki bayan 'yan shekaru. Ke kuwa a nan aka haife ki ko aka kawo ki aure. Kin san gorubar da ta daina 'ya'ya. Kin san a da kafin hantsi kin dawo daga itace, yanzu sai azahar. Kin san rijiyar da ke fara ƙafewa da kalar kifin da ya ɓace daga kasuwa. Wanda ya samu horo na gari ya san wannan ilimi ne, zai zo nemansa. Sai dai sau da yawa in an kira taro a ƙofar mai gari, maza ne ke zama, a yanke magana a kan itace da kaba ba tare da masu ɗebo su ba. Mace ɗaya ba za ta iya kutsawa ba, amma ƙungiya mai shugaba da magatakarda da littafi ana jin maganarta.

Matakan da ƙungiya za ta iya ɗauka

1. Ku gayyaci malamin dajin yankinku zuwa zamanku, ta hannun mai gari ko mai unguwa. Ku tambaye shi: ina iyakar gandu take? Me aka hana gaba ɗaya, me ake yarda a ɗiba, a wane wata? Doka ta bambanta daga gandu zuwa gandu, ta gandun ƙasa ta fi tsanani. Magatakarda ta rubuta amsar da sunan wanda ya bayar.

2. In an ci wata tara, ta nemi rasit. In an hana ta, ta kawo maganar gaban ƙungiya a kai ta ga mai gari tare.

3. Ku ware shafi a bayan littafin ƙungiya don rubuta ranar ruwan farko, ranar da kogi ya cika, da farashin damin itace da na kaba duk wata. Bayan shekara biyu ko uku kuna da hujja a hannu.

4. Kafin a ba da bashi, ku duba kada yawancin kuɗin akwati su tafi sana'a ɗaya. A ce mata goma sha biyar cikin ashirin da biyar duk bandar kifi suke yi, shekarar da kifi ya yi ƙaranci akwatin gaba ɗaya ne zai girgiza.

5. In za a kafa kwamitin kula da daji ko ruwa a garinku, ku nemi kujerar mata tun kafin a rubuta sunaye.

6. Ku tuna da yaranku. Waɗannan makarantu suna ɗaukar mata. Yarinyar da ta gama sakandare da sakamako mai kyau a kimiyya, lissafi da Turanci tana iya nema, kuma bashin ƙungiya yana iya biyan kuɗin jarrabawa da na mota. 'Yar gari da ta koyi aikin za ta shiga cikin gida ta yi magana da mata, inda baƙo namiji iyakarsa zaure.

Tambayoyin tattaunawa

Wace sana'a a cikinmu ta dogara da daji ko fadama? Me ya ragu a dajinmu cikin shekara goma da suka wuce, kuma me muke gani ya jawo? Wa za mu tura wurin mai gari kafin zama na gaba don a kira mana malamin daji?