Kafin Ka Sayi Tsirkiya Mai Santsi Don Jitar Bes, Nemi Tef Ɗin Awo

Akwai wata asara da nake yawan gani a wajen samarinmu masu kaɗa jitar bes, na majami'u da na wuraren biki da na ɗakunan ɗaukar waƙa. Yaro zai ji wani tsohon faifai, sautin bes ɗin ya shige shi: mai kauri, mai taushi, babu ƙyaƙ-ƙyaƙ ɗin yatsa a kan ƙarfe. Sai a ce masa ai sirrin yana ga tsirkiya mai santsi, wadda ake rubuta Flatwound a jikin kwalinta. Ya tara kuɗi da ƙyar, ya ba da sautu daga Legas ko daga ƙetare, ranar da ta iso ya ɗaura ta a daren. Kafin mako ya zagayo, babbar tsirkiyar ta tsinke a bakin fegi, ko kuma ta dushe ta daina amo. Daga nan sai zagi: an sayar masa da jabu. Jabu kam akwai su a kasuwa, amma a yawancin waɗanda na duba, tsirkiyar lafiyarta ƙalau. Mai ita ne ya saya bai auna ba, ya yanke bai tambaya ba.

Kowace tsirkiyar bes waya ce a ciki, aka naɗe ta da wata. A kan mai kaushi, wayar naɗin zagayayya ce, shi ya sa kake jin gurzarta a yatsa. A kan mai santsi kuwa, naɗin waje shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne mai faɗi, gefe na manne da gefe. Da irinta Leo Fender ya fitar da Precision Bass a 1951, kuma ita aka fi sani har zuwa 1966, lokacin da kamfanin Rotosound na Ingila ya yi aiki da John Entwistle na ƙungiyar The Who suka fito da Swing Bass 66, mai kaushi ta fara karɓe kasuwa. James Jamerson na Motown a birnin Detroit da mai santsi ta La Bella ya yi aikinsa, kuma an san shi da barin ta shekara da shekaru bai canza ba. Wannan juriya ita ce ribarta ga mai ƙaramin ƙarfi, domin datti da gumi ba su samun ramin maƙalewa. Sai dai shimfiɗaɗɗen naɗin nan ba ya son a lanƙwasa shi da ƙarfi. Idan aka matsa masa sai ya buɗe, ya rabu da wayar ciki, shi ke nan an gama.

To a nan maganar tsawo ta shigo, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Jitar bes ba tsawonsu ɗaya ba. Daga ɗan ƙashin nan na saman wuya zuwa jaki, mafi yawansu inci 34 ne, wasu 30, wasu 32, wasu masu tsirkiya biyar 35. Ita ma tsirkiyar an yi ta ne gwargwadon haka: tana da sashe mai kauri da ke yin sauti, sannan can ƙarshe ta sirance, galibi an lulluɓe wurin da zaren siliki. Siririn sashen nan kaɗai aka yi don ya zagaye fegi. Mai jita 'yar inci 30 da ya sayi tsirkiyar inci 34, mai kaurin ne zai hau fegi, kuma fegi siriri ne, dole naɗin ya tsage. Mai kaushi takan yi haƙuri da irin wannan wulaƙanci, shi ya sa mutane suka saba da ganganci. Mai santsi ba ta yi. Wanda kuma ya sayi gajeruwa, zaren silikin zai kwanta a kan ƙashin ko ya shigo cikin wuya, sautin ya shaƙe.

Kada ma ka dogara ga rubutun kwali kaɗai. Abin da wannan kamfani ya kira doguwa ba lallai ya yi daidai da na wancan ba, kuma wasu jitocin suna da yaudara. Höfner irin ta Paul McCartney gajeruwa ce, amma inda ake saƙala tsirkiya yana can nesa bayan jaki. Mustang ta Fender ita ma gajeruwa ce, amma a yawancinsu tsirkiya ta cikin gangar jitar take ratsawa. Duka biyun suna cin tsawo fiye da yadda awon wuyansu ya nuna. Awon kuwa ba wani wahala ba ne. Tun tsohuwar babbar tsirkiyarka tana ɗaure, sa maka ka yi mata alama daidai kan ƙashin, ka ƙara wata alamar a inda ta fara taɓa fegi. Kwance ta, ka auna daga ƙwallon gindinta zuwa kowace alama. Dole sirancewar sabuwar ta faɗo tsakanin alamomin nan biyu. Kamfanonin kirki suna bayyana wannan awo, kuma mai sayarwa zai iya auna maka idan ka nace. Aikin da bai kai minti biyar ba, amma mutum ya gwammace ya yi asarar kuɗin da ya yi watanni yana tarawa. Haba!

Masu jitar da tsirkiya ke ratsa gangarta su ƙara kula, domin lanƙwasar da take yi a wajen jaki mai tsanani ce. La Bella da kansu sun yi gargaɗi a kan haka, har suka ware saiti na musamman don irin waɗannan jitoci. In jakinka yana da hudar saƙalawa ta sama, yi amfani da ita ka huta.

Sai yanka. Na sha ganin an miƙe sabuwar tsirkiya an datse ta da filaya kamar ana yankan wayar lantarki. Bar tsawon inci uku zuwa huɗu bayan fegin, ka lanƙwashe wurin sosai da filaya tukuna, sannan ka yanke a gaban lanƙwasar. Lanƙwasar ce ke riƙe naɗi kada ya zame daga wayar ciki. Cusa bakin cikin ramin fegi, ka murɗa da kunnen jitar, zagaye biyu ko uku suna gangarowa ƙasa. Kada ka naɗa da hannu don sauri, tsirkiyar za ta murɗe a kanta. Kuma a cikin siririn sashen kaɗai ake yanka.

Akwai kuma maganar nauyin ja. Tsirkiya huɗu na bes suna jan wuya da ƙarfin da kan kai kilo 70 ko fiye, kuma mai santsi galibi ta fi mai kaushi tauri. Saitin da ake alaƙanta shi da Jamerson ya tashi daga .052 zuwa .110, alhali wanda aka fi sabawa da shi .045 zuwa .105 ne. Ka ɗora wancan a kan jita mai araha wadda ba a taɓa saita ta ba, ga hunturu ya busar da katako, wuyan zai gantsare, tsirkiya ta yi nisa da yatsa, kiɗa ya koma aikin ƙarfi. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da alanki don gyara wannan, rubu'in zagaye a lokaci guda, a dakata a ga yadda katako ya amsa. Wanda bai taɓa yi ba ya kai wa wanda ya iya. Mai neman taushi a hannu kuwa, Thomastik-Infeld na birnin Biyana a Ostiriya suna yin Jazz Flats mai .043 zuwa .100, mai sauƙin dannawa, sai dai tsada. D'Addario Chromes ta fi su amo mai haske.

Idan salon kiɗanka na bugu da babban yatsa ne da fizga, a ganina ka zauna a kan mai kaushi. Na san za a kawo mini Steve Harris na Iron Maiden, wanda ke kiɗa mai zafi da mai santsi ta Rotosound, amma shi yana canza ta tun tana sabuwa, kuma ba da aljihunka yake saye ba. Ga mai rege da tsofaffin waƙoƙin rai da na yabo, ko mai jitar da babu ƙarafa a wuyanta, mai santsi ce daidai, don ba ta cin katako.

Sabuwarta takan yi ƙara-ƙara da ɗan danƙo a yatsa, har mutum ya ɗauka an cuce shi. Kada ka yi saurin cire ta. Goge ta da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa, ka ba ta 'yan makonni tana shan hannu, sautin da ka ji a faifai sai a lokacin zai fara fitowa.