Yadda A Ke Ɗaukar Kekuna a Kan Ɗakin da Mota Ke Ja

Bayani Domin Hakimai da Malamansu

Kowane Hakimi da ya saba fita rangadi ya san inda hanyar mota ta ke ƙarewa. Akwai ƙauyukan da mota ba ta isa gare su, tun ba da damina ba, sa'ad da fadamu su ke cika, rafuka su kawo. A nan a kan ajiye mota a masauki, malamai da masu allurar rigakafi da malaman gona su ƙarasa da keke ko babur ko ƙafa. Ko da ya ke babur ya yawaita a zamanin nan, keke bai rasa matsayinsa ba, gama ba ya shan mai, kuma mutum ɗaya ya iya saɓa shi ya ƙetare ruwa. Abin da ke da wuya shi ne kai keken can masauki lafiya, bai lalace ba, bai kuwa jawo wa motar haɗari ba.

Mutanen Ingila sun daɗe da sanin wannan matsala, domin suna da al'adar yawon hutu da wani ɗaki mai ƙafafu wanda mota ke ja. Dabarar da masu ƙaramin ƙarfi a cikinsu su ke yi, ta ƙera wa kekuna mazauni a gida da kuɗi kaɗan, ita za a bayyana a wannan takarda. Irin wannan ɗaki bai yawaita a ƙasar nan ba, amma ƙa'idarsa ɗaya ce da ta kowace ƙaramar tirela mai ƙafa biyu da a ke ɗaura wa mota ko tarakta.

1. Asalin Ɗakin

Turawa suna kiran ɗakin karaban, watau sunan da su ke kiran ayarin fatake da shi. A cikinsa akwai gado da murhu da wurin ajiye tufafi. Wanda ya fara sa aka gina masa irinsa musamman domin yawon shaƙatawa shi ne wani likitan jiragen ruwa na soja mai ritaya, William Gordon Stables. A 1885 ya tashi da shi daga Twyford, a kudancin Ingila, har Inverness a arewacin Sikotilan, dawaki biyu suna ja. Tun a wannan tafiya keke ya shiga cikin sha'anin, gama baransa ya kan wuce gaba a kan keke mai ƙafa uku, ya dubo hanya da wurin sauka. A 1907 masu irin wannan yawo suka kafa ƙungiyarsu, a 1919 kuma kamfanin Eccles na Birmingham ya fara ƙera waɗanda mota ke ja.

Amfanin keke gare su daidai ya ke da amfaninsa ga mai rangadi. In an sauka an kwance ɗakin, ba a son tayar da mota saboda ɗan aike, sai a hau keke.

2. Abin da Ya Fi Kome Muhimmanci

Wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san nauyin kaya dabam, zamansu dabam. Kaya kaɗan in sun rinjaya gefe guda sun fi wahalar da dabba bisa ga kaya masu yawa da suka zauna daidai. Haka tirela ta ke, sai dai nata rinjayen gaba da baya ne.

Ɗakin yana tsaye ne bisa aksul, watau sandar ƙarfen da ƙafafun su ke juyawa a kanta, kusa da tsakiyarsa. Daga gaba wasu ƙarafa biyu sun miƙe sun haɗu a wuri ɗaya kamar harafin A, su ne wuyan tirela. A ƙarshen wuyan akwai maƙali wanda ke hawa kan wani ƙwallon ƙarfe a bayan mota. Lalle ne wani kaso na nauyin ɗakin ya danne wannan ƙwallo. Shi a ke kira nauyin hanci. Shawarar da ƙungiyoyin masu wannan yawo su ke bayarwa a Ingila ita ce ya kasance kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin ɗakin da kayansa duka. Watau ɗakin da ya kai kilo 1,200 yana bukatar nauyin hanci tsakanin kilo 60 da 84.

In nauyin hanci ya gaza, ɗakin ya kan fara lilo dama da hagu da zarar gudu ya ƙaru, ko iska ta buge shi, ko babbar mota ta wuce ta gefensa. Lilon nan ƙaruwa ya ke yi, har ya fizge bayan motar, a wayi gari mota da ɗaki sun kife tare. In kuwa nauyin ya yi yawa, bayan mota ya kan nutse, gabanta ya ɗaga, sitiyari da birki su rage kamawa. Kowace mota tana da iyakar da masu ƙera ta suka rubuta a littafinta. Da yawa iyakarsu kilo 75 ce, manya su kan kai 100 ko fiye. Shi ma maƙalin yana da tasa iyaka, kuma wadda ta fi ƙanƙanta cikin biyun ita a ke bi.

3. Lissafin Wurin Ɗorawa

Ga misali domin malamai su gwada da alƙalami. A ce ɗaki mai kilo 1,200 ne, nauyin hancinsa kilo 60, daga aksul zuwa maƙali mita 4. Za a ɗora kekuna biyu, kowanne kilo 17, mazauninsu kuma kilo 6. Jimla kilo 40.

In an rataya su a bangon baya, mita 2 bayan aksul, sai a ninka 40 sau 2, a raba da 4. Amsa 20. Wannan kilo 20 raguwa ce, domin kayan da ke bayan aksul ɗaga hanci su ke yi. Saura kilo 40 ke nan, bai kai ko kashi 4 cikin 100 ba. Ga shi kuma nauyin ya tafi can ƙarshen wutsiya, inda ya fi ƙarfafa lilo. Har wa yau bangon irin wannan ɗaki ba shi da kauri: falle ne na alminiyom ko roba mai tauri a waje, siririn katako a ciki, abin tare zafi a tsakani. Ƙusa ba ta samun abin kamawa a cikinsa, ruwan sama kuma ya bi hujin ya ruɓar da katakon. Saboda haka ba a rataya keke a baya sai in masu ƙera ɗakin sun tanadi wurin musamman, sun kuma faɗi iyakar nauyinsa.

In kuwa an ɗora su a kan wuya, mita 3 gaban aksul, sai a ninka 40 sau 3, a raba da 4. Amsa 30, ita kuwa ƙari ce. Nauyin hanci ya zama kilo 90. In iyakar motar 75 ce, an wuce da kilo 15. Maganinsa a kwashe kaya masu nauyi daga akwatin gaba, kamar tukunyar gas ta biyu da kayan gyara, a mai da su cikin mota ko daidai kan aksul, sa'an nan a sāke awo. Kada a ce za a daidaita ta wajen tura wani nauyi can ƙarshen baya. Sikeli zai nuna daidai, amma ɗaki mai nauyi a kai da wutsiya, in ya fara lilo, tsai da shi da wuya.

Daga wannan lissafi za a ga wuyan tirela shi ne wurin da ya fi dacewa da mazaunin da aka ƙera a gida, muddin an auna. In awo bai yarda ba, sai a sa kekunan cikin ɗakin daidai kan aksul a ɗaure su tam, ko a bayan a-kori-kura, ko bisa rufin mota.

4. Kayan Aiki

Kafinta ko mai walda na gari ya iya wannan aiki cikin yini guda. Abin da za a nema shi ne:

(a) Ƙarfe mai kusurwa guda biyu, irin na tsohon gadon ƙarfe, ko katako mai ƙarfi kamar maɗaci, domin gindin mazaunin.

(b) Ƙusoshi huɗu masu siffar harafin U, irin waɗanda a ke ɗaure sifirin ɗin mota da su, tare da noti bibbiyu a kowane baki.

(c) Kwararo biyu na ƙarfe ko na katako inda tayoyi za su zauna, faɗin kowanne kamar santimita 5, tsawonsa ya ɗauki ƙafafun keke duka biyu.

(d) Sanda guda ta tsaye, wadda za ta kai tsayin sandar keke, da abin tokare ta.

(e) Robar tsohon tiyub, da igiyar nailan mai kauri ko maɗauri mai ƙugiya, da fenti.

Yawancin waɗannan ana samunsu a tsofaffin kaya. Abin da za a kashe bai wuce kuɗin ƙusoshi da fenti da ladan mai aiki ba. Amma ƙusoshi da igiya lalle su zama sababbi, gama a kansu rayukan masu bin hanya su ke rataye.

5. Yadda A Ke Haɗawa

Da fari a shimfiɗa ƙarafan gindi a gicciye bisa wuyan tirela, a sa roba a tsakaninsu da wuyan, a matse da ƙusoshin nan masu siffar U. Kada a huda ƙarfen wuyan, kada kuma a yi masa walda. Masu ƙera shi, irin su kamfanin AL-KO, sun hana yin haka, domin huji da zafin wuta suna raunana ƙarfen a wurin da ya fi shan wahala, suna kuma cire rufin da ke kare shi daga tsatsa. Hayaƙin da wannan rufi ke fitarwa in an ƙona shi yana sa mai walda zazzaɓi. Duk waldar da za a yi, a yi ta a ƙasa kafin a ɗora mazaunin.

Sa'an nan a kafa kwararon biyu a gicciye, tazarar da ke tsakaninsu kamar taƙi ɗaya, sandar tsaye a tsakiya, an tokare ta yadda ba za ta yi gaba ko baya ba. A naɗe sandar da roba domin kada ta goge fentin keke. Tsawon keken babban mutum ya kan kusa mita 2, faɗin ɗakin kuwa ya kan ɗara haka kaɗan, saboda haka keke zai zauna a gicciye bai leƙo gefe ba.

A jera kekunan kai da ƙafa, watau ɗaya ya fuskanci dama, ɗaya hagu, domin kada kawunansu su sarƙe. Wanda ya fi nauyi shi zai zauna kusa da ɗakin. Kowane keke a ɗaure shi wuri uku: ƙafar gaba, ƙafar baya, da sandarsa a jikin sandar tsaye. Roba kaɗai ba ta isa ɗauri ba, gama tana miƙewa, rana kuma tana cinye ta. A cire famfo da fitila da duk abin da ke kan kariya.

6. Gwaji Kafin Tafiya

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Gwaji uku za a yi tun ana sauran kwana biyu.

Na ɗaya, awon hanci. A tsai da ɗakin a wuri mai daidai, da kayansa duka a ciki, a tokare ƙafafunsa da duwatsu. A kawo sikelin awon mutum ko na awon hatsi, a ɗora masa falle na katako. A yanke wani guntun katako yadda in an tsai da shi bisa sikelin, maƙali zai zauna daidai tsayin ƙwallon mota. A sauke maƙalin a hankali har nauyin duka ya koma kan sikeli, a karanta.

Na biyu, gwajin kwana. A ɗaura ɗakin, direba ya karya sitiyari har ƙarshe, ya tafi a hankali dama da hagu, gaba da baya, wani yana tsaye gefe yana kallo. Ƙafar keke ita ta kan fara taɓa fitilar bayan mota. In tazarar ta yi kaɗan, a ja mazaunin baya.

Na uku, a tabbata mazaunin bai tare birkin hannu ba, ko ƙaramar ƙafar gaba, ko wayar fitilu, ko igiyar ƙarfen nan da ke jan birki in ɗakin ya ɓalle daga mota.

7. A Kan Hanya

Dokar Ingila ba ta yarda mai jan irin wannan ɗaki ya wuce mil 50 a sa'a ba a hanya mai hannu ɗaya, ko mil 60 a babbar hanya, watau wajen kilomita 80 da 96. Wannan kuwa a kwalta mai santsi ne. A hanyar ƙasa mai gargada sai a rage ƙwarai, domin girgiza ita ke kwance noti, ta tsinke igiya. Bayan kilomita 20 na farko a tsaya a taɓa kowane noti da kowane ɗauri, haka kuma duk inda aka tsaya salla ko shan mai.

In lilo ya fara, direba ya ɗauke ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe, ya bar gudun ya ragu da kansa. Kada ya taka birki da ƙarfi, kada kuma ya ƙara wuta da nufin miƙar da ɗakin.

8. Abin da Ya Rataya a Wuyan Hakimi da Malaminsa

Malami ya buɗe shafi a littafin rangadi, ya rubuta iyakar motar, da nauyin hancin da aka auna, da yawan kekunan da aka ɗora, da ranar awo. Duk sa'ad da aka sāke kaya, ko aka ƙara keke, ko aka canza mota, sai a sāke awo, domin lissafin jiya bai shafi kayan yau ba. Hakimi kuwa kada ya ba da izinin tashi sai an karanta masa wannan shafi.

Keken da ya faɗo a tsakiyar hanya, asararsa ba ta tsaya ga baitulmali ba. Wanda ke biye a kan babur, ko yaron da ke kora dabbobi a gefen hanya, shi zai fara gamuwa da shi. Awon nan kuwa ba ya cin rabin sa'a, sikeli kuma ana iya aronsa a ɗakin magani ko wajen masu awon hatsi a kasuwa.