Shin ɗakin gwaji na iya tona asirin jabun maganin bairos?

Ana yawan cewa in launin ƙwaya da ɗacinta suka yi daidai, to ta gaske ce. Wannan zance ba shi da tushe. A 2010 hukumar FDA ta Amurka ta gwada wani maganin mura da ake sayarwa ta intanet da sunan Tamiflu. Ba a samu oseltamivir, sinadarin Tamiflu na gaske, a ciki ba, sai cloxacillin, dangin penisilin, wanda kan iya halaka mutumin da jikinsa ba ya jituwa da shi.

Dabarar da ake bi wajen irin wannan bincike ita ce kuromatogirafi, wadda masanin tsirrai na Rasha, Mikhail Tsvet, ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20. Don awo da na'urar HPLC, mai aiki da wannan dabara, akan niƙa ƙwayar, a narkar da ita, a tace, sannan famfo ya tura ruwan da ƙarfi cikin wani siririn bututun ƙarfe da aka danƙare da garin silika. Wani sinadarin ya maƙale ya daɗe, wani ya wuce da sauri, don haka kowane da lokacin fitarsa. Ƙwayar TLD ta masu ɗauke da HIV, alal misali, sai ta nuna tsini uku a allon kwamfuta: tenofovir, lamivudine da dolutegravir. Girman tsinin ne ke faɗin yawan maganin.

To, gaskiya ne na'urar na gane ƙwayar da aka rage wa ƙarfi. Amma masu cewa da an zuba magani take bayyana duk abin da ke ciki sun yi ƙari. Sai an gwada shi da tsantsar samfurin asali, kuma sinadarai biyu kan iya fitowa lokaci guda. A nan sai a nemi na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari ta raba gardama. Haka kuma wannan awon ba ya nuna ko ƙwayar za ta narke a ciki yadda ya kamata. Wannan gwaji ne daban.

Batun wai magungunan Indiya masu araha ba su da ƙarfi kuwa, kuɗin goro ne aka yi musu. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ke tantance irinsu, kuma waɗanda suka tsallake ma'auni ɗaya aka ɗora su da masu tsada.

Jama'a, ku karɓi maganinku a asibiti ko kyamis mai rajista. Wanda kuka yi shakka a kansa, ku kai rahoto ga NAFDAC.